Kuri'ar Gidan Sauro a Aboabo

Malaminmu na ƙididdiga ya ba mu aikin gwaji irin na rukuni-rukuni, wanda ake jefa kuri'a a kan gida ko ƙauye ɗungurungum. Ya kafa mana misali da binciken Fred Binka, masanin lafiya, a Navrongo ta arewacin Ghana: rukuni 96, rabi aka ba gidan sauro mai magani, mutuwar yara ta ragu da kashi 17 cikin 100. Ni dai unguwarmu Aboabo ce Navrongona. Gida takwas, kowanne mutum 25, kuri'a a hular Kawu.

Kuri'a ta tsallake gidanmu. Hajiya ta ce, "Wato ni na goya ka, maƙwabta ka sani?" Na ce kuri'a ba ta san dangi ba. Kafin magariba ta aro gidan sauro har uku ta katanga, ɗaya ma kuka aka shanya a kai.

Wajen lissafi aka sha ta. Na shiga ofis ina taƙama da mutum 200, Malam ya ce, "Ina ka gan su? Mutanen gida ɗaya tukunyarsu ɗaya, kwatarsu ɗaya, sauronsu ɗaya, amsarsu ma abin da maigida ya faɗa ne." Ya ɗauki biro: ko kamanceceniyarsu 0.05 ce kacal, 24 (wato 25 a cire 1) sau 0.05 a ƙara 1, ya ba da 2.2. Ya raba 200 da 2.2, nan take jama'ata suka koma 91, ba annoba ba ƙaura.

Na ce to mu yi GEE, wata hanyar lissafi mai kula da kamanceceniyar 'yan rukuni ɗaya. Ya ce wannan sai rukuni ya kai wajen 40, in ba haka ba yakan raina kuskure, ya nuna maka nasarar da babu ita. Na koma samfurin gauraye, mai ba kowane gida nasa hali. Kwamfuta ta yi ta juyi tana gunaguni, aka ɗauke wuta. Ƙarshenta na fitar da matsakaicin kowane gida, lamba huɗu nan huɗu can, na gwada su a bayan takardar waakye.

Sauran rigima gidanmu. Malam ya ce inda kuri'a ta jefa gida, nan ake ƙirga shi, ko da kowa a cikin raga yake minshari. Na gaya wa Hajiya a takarda ba mu da gidan sauro.

"Madalla," in ji ta, "kai musu takardar, su aiko mana namu."