Idan Lasix ya daina sauke kumburi, kada a ninka shi a gida

Jama'ar Aboabo, Asawase da sauran Zangon Kumasi, akwai maganar da ake yawan ji a gidan da ke jinyar mai ciwon zuciya: "Maganin fitsarin nan ya mutu." Ƙafar Baba ta kumbura har cinya, ciki ya yi tulu, silifa ta ƙi shiga, in ka danna ƙwauri da yatsa sai ramin ya tsaya. Daga nan sai a ninka ƙwayar, ko a kira wanzami ya yi tsaga. A ganina duka biyun ganganci ne. Galibi maganin, wato Lasix, ƙwayar da ke fitar da ruwan jiki ta fitsari, bai mutu ba, tare masa hanya aka yi.

Ruwan da kuke gani a ƙafa ya shiga bangon hanji ma. Ko a mai lafiya, kusan rabin ƙwayar furosemide, wato Lasix, ke kaiwa jini, balle hanjin da ya kumbura. Shi ya sa za ka ga mutum yana shan miligiram 80 a gida babu labari, amma da an kwantar da shi an ba shi ta jijiya, kafin awa ɗaya fitsari ya ɓalle. Bayan kwanaki, hanji ya saɓe, ƙwayar ta koma aiki. Wani lokacin likita kan haɗa masa da bendroflumethiazide ko metolazone, waɗanda ke kama wani sashe dabam na ƙoda. Haɗin yana da ƙarfi ƙwarai, yana iya kwashe sinadarin potasiyom, ya wahalar da ƙoda, har bugun zuciya ya rikice. Dole a bi shi da gwajin jini cikin 'yan kwanaki. Wannan ba aikin kemis ɗin unguwa ba ne.

Sai gishiri, kuma nan ne aka fi yaudarar kai. Aikin Lasix awa shida ne kacal ko kusa da haka. Da ya ƙare, ƙoda za ta riƙe duk gishirin da ta samu, ruwa kuma gishiri yake bi. To in tuwon dare ya zo da miya mai gishiri, abin da aka fitar da safe ya dawo kafin asuba. Hajiya za ta rantse ta daina sa gishiri, kuma gaskiya ta faɗa, amma ga magi biyu a tukunya, ga kifin gishiri irin su momoni da koobi, ga yajin shito a gefen faranti, ga sadin na gwangwani, ga burodi. Kanwar da ake jefawa a waakye ko miyar ayoyo ita ma mafi yawanta sodiyom ce, abin da ake gudu a gishirin ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko mai lafiya kada ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin abinci. A raba wa majinyaci tukunyarsa, a ƙara daddawa, citta, tafarnuwa, albasa da lemun tsami. Gishirin nan kuma da ake tallata shi wai na masu hawan jini ne, potasiyom ne a ciki. Mai shan magungunan zuciya da hawan jini irin su spironolactone ko lisinopril kada ya taɓa shi sai da izinin likita.

A zazzage ledar magungunansa. Diclofenac da ibuprofen, da ake saya don ciwon gwiwa, suna sa ƙoda riƙe gishiri, suna karya lagon Lasix. Farasitamol ya fi aminci. Amlodipine, maganin hawan jini, shi kansa yana kumbura idon sawu, a tuna wa likita. Jiƙe-jiƙen kwalba da ba a san abin da ke ciki ba, a ajiye su.

Ido yana ƙarya, sikeli ba ya yi. A auna nauyin majinyacin kullum da safe, bayan fitsari, kafin koko, a rubuta a littafi. Ƙarin fiye da kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne, ba ƙiba ba, a je asibiti tun numfashi bai sarƙe ba. In likita ya ƙayyade masa ruwan sha lita ɗaya da rabi a yini, leda uku ke nan ta fiya wata, kuma shayi, koko da romo duk suna cikin lissafin. In ƙwayar Lasix sau biyu ce a yini, ta biyun kada ta wuce la'asar, don ya samu barci.

Fatar da ta kumbura ba ta warkewa da wuri, tsaga kuwa ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. A wanke a hankali, a tsane tsakanin yatsu, a shafa basilin, a ɗora ƙafar kan kujera in yana zaune. In ta fara fitar da ruwa, a rufe da gozi mai tsabta, a canza da zarar ya jiƙe. Ruwan ciki in ya matsa, a asibiti ake zuƙe shi da allura.

Amma in ya kasa kwanciya sai a zaune, ko yana tari da kumfa mai ja-ja, ko fitsari ya ɗauke, ko ya fara sambatu, ko ƙafa ɗaya ta yi ja da zafi, kada a jira ranar kilinik. A nemi mota zuwa asibitin Komfo Anokye ko asibiti mafi kusa, a tafi da ledar magungunan da littafin awon.