Nasiha ga ƙannena masu ɗaurin rodi a Katsina

Assalamu alaikum ƙannena masu ɗaurin rodi, da birkiloli, da masu tsaya wa mutane a kan gininsu. Kwanan baya na bi ta wani fili a wajen Ƙofar Ƙaura, na tarar da samari biyu sun baje tsofaffin rodi da aka ciro daga rusasshen gini. Ɗaya na riƙe, ɗaya na kirɓa da guduma, gefe kuma an hura wuta ana gasa wuraren da suka ƙi miƙewa. Na tambayi me za a yi da su, suka ce dakin za a zuba, wato rufin kankare, bene ne. Wallahi sai da gabana ya faɗi.

Kun san kankare yana jure nauyin da ke danna shi, amma idan aka ja shi sai ya tsage. Wannan jan, rodi ne ke ɗauke da shi, musamman a ƙasan bim, wato dogon kankaren da ke tallafe dakin, da kuma tsakiyar dakin. To ku ɗauki wayar ɗauri, ku lanƙwasa ku mayar a wuri ɗaya sau huɗu ko biyar. Za ku ji wurin ya yi zafi, ya ƙage, sai ta ɓalle. Abin da ke samun rodi ke nan, sai dai shi ba ya nunawa a ido. Duk wurin da aka karya kwana aka sake miƙarwa ya rasa taushin da ke sa ƙarfe ya miƙe kafin ya tsinke, kuma ƙananan tsagu kan fito a gindin zanen jikinsa. Rodi mai kauri, irin mai milimita 16 da 20, ya fi mai 10 da 12 cutuwa.

Wutar ta fi gudumar ɓarna. Yawancin rodin yanzu, yana fitowa ja-jawur daga inji ake feshe shi da ruwa, bayansa ya yi tauri, cikinsa ya zauna da taushi. Ka gasa shi, ka warware wannan taurin. Ga tsatsar da ta cinye kaurinsa, ga busasshen siminti da ke hana sabon kankare kama shi.

Ban ce duk lanƙwasa haramun ba ce. Sabon rodi mai mita 12 da ake ninkawa biyu don ya shiga mota, lanƙwasarsa mai faɗi ce. Ku miƙar da shi a hankali da bututu, sau ɗaya, ba duka ba wuta, kuma in za ku yanka ku lura kada wurin ya faɗo tsakiyar bim.

Na san tsadar rodi, na san mai gida ne ke cewa a lallaɓa. Amma shi bai san abin da kuka sani ba, kuma da zarar an zuba kankare babu mai sake ganin abin da ke ciki, har 'ya'yansa su kwanta a ƙarƙashi. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Ku ce masa, Alhaji, wannan ba zai shiga fila (ginshiƙi) ko linta (kankaren saman ƙofa da taga) ko dakin ba, mu jira injiniya ya gani. Tsohon rodin a kai wa mai walda ya yi tagogi da ƙyauren garke, ragowar a auna wa 'yan gwangwan, kuɗin a ƙara a sayo sabo ko da kaɗan-kaɗan ne.