Goge manhaja ba shi ne daina biyan kuɗinta ba

Masu kasuwanci da yawa in sun tashi rage tarkacen manhajojin da suka taru musu a ofis, sai su ɗauka da an goge abu daga kwamfuta shikenan an rabu da shi. Ina! Irin su Microsoft 365 ko Zoom, rijistar tana jikin akawun ɗinka ne ba jikin na'ura ba, ka goge yau ƙarshen wata su zare kuɗinsu daga katinka hankali kwance. Sai ka shiga akawun ɗin ka soke da hannunka, amma ka fara kwashe fayilolinka tukuna. Inda rigimar take shi ne in yaron da ya buɗe da imel ɗinsa ya bar aiki, lambar sirrin na wurinsa.