A huɗu da GPA 2.50: babu wanda ya cuci yaron nan

Har yanzu ana ta yawo da hoton sakamakon wani ɗan aji ɗaya a jami'a, wai ta yaya mutum zai ci A huɗu cikin kos takwas amma GPA ɗinsa, wato matsakaicin makinsa na semista, ya tsaya a 2.50. Har da masu jan Allah ya isa ga malaman da ba su ma san sunansu ba. Sannunku da aiki, lauyoyin kyauta. Babu wanda ya cuce shi. Bai san abin da ake kira yunit ba, ku ma masu taya shi kuka ba ku sani ba.

Kowane kos da nauyinsa, nauyin nan shi ne yunit. Lakcar awa ɗaya a mako tsawon semista, yunit ɗaya ce. Firaktikal kuwa sai ka yi kusan awa uku a lab kowane mako kafin a ba ka yunit ɗaya tak. A ma'aunin maki biyar, A daga 70 ne zuwa sama, maki 5. B daga 60, maki 4. C daga 50, maki 3. D daga 45, maki 2. E daga 40, maki 1. Ƙasa da 40 F ce, sifili. Ana ninka makin kowane kos da yunit ɗinsa, a tara, a raba da jimillar yunit ɗin da ka yi wa rajista. GPA ke nan.

To ku koma ku kalli takardar. A ɗin nan a ina suke? Uku a firaktikal na fiziks da kemistiri da bayoloji, kowanne yunit ɗaya, maki 15. Ɗaya a kos ɗin Turanci mai yunit biyu, maki 10. Sai manyan masu yunit uku-uku: lissafi F, sifili, fiziks D, 6, kemistiri E, 3. Bayoloji mai yunit biyu C, 6. Jimilla 40, a raba da yunit 16. Nawa ya ba ku? 2.50. Kwamfuta ba ta da gaba da kowa.

Da yaron nan ya ci B a manyan ukun nan, sauran duka C, ko A ɗaya babu, zai tashi da 57 a kan 16, wato 3.56, ya riga ya taka iyakar 2:1, wato digiri mai daraja ta biyu ta sama, da ke farawa daga 3.50. Ya ɓata dare yana ƙawata rahoton lab mai yunit ɗaya da biro kala uku, ya bar lissafi mai yunit uku sai ana gobe jarrabawa.

Wani zai ce ai jami'a ba ta yi musu bayani ba. Littafin jagora na sashe fa? Yana nan da lambar kowane kos, da yunit ɗinsa, da ko na dole ne ko na zaɓi. Taron sababbin ɗalibai fa, da aka je ɗaukar hoto? Wani kuma zai ce akwai malamai mugaye. Akwai, amma ba su suka ƙirƙiro ninkawa da rabawa ba.

Abin da ya fi ba ni tausayi, F ɗin lissafin nan ba ta gama da shi ba. Ta zama kari-oba, dole ya sake rajistar kos ɗin. A jami'o'i da yawa sifilin farko ba ya gogewa, ana ƙirga yunit ukun nan sau biyu a ƙasan lissafin CGPA, wato GPA ɗin duk semistocin da ka yi a haɗe. Kuma akwai iyakar yunit da za ka ɗauka a semista, galibi 24, kari-oba ake fara sakawa, sai ta ture wani sabon kos. Idan kuma kos ɗin sharaɗi ne ga na gaba, ba za a bar shi ya taɓa lissafin aji biyu da ya dogara da shi ba sai ya ci wannan. Kos ɗin semistar farko kuwa ba a koyar da shi a ta biyu, sai baɗi. Digirin kimiyya haka yake, tsani ne, ka rasa mataki ɗaya na sama sun yi maka nisa. Da haka mutum ke zama sifil-oba, wato mai ƙarin shekara, abokansa sun kare furojet sun tafi, shi yana zaune da ƙannensa a aji.

Masu ce masa kada ya damu zai gyara a gaba, ku ji. Wanda ya tara yunit 80 da CGPA 2.50 yana da maki 200. Ko ya ci A zalla a yunit 20 na semistar gaba, 300 ne a kan 100, wato 3.00. A zalla fa. Aji ɗaya ne lokacin da CGPA ke motsi da sauƙi, daga baya sai da ƙyar.

Don Allah ƙannena, ranar da kuka cike fom ɗin rajista ku zagaye duk kos mai yunit uku, ku tambayi kodinetan ajinku wanne ne sharaɗin wanne. Kada ku raina tes da asaimen, maki 30 ko 40 ne cikin 100 tun kafin jarrabawa. Mai 8 cikin 30 sai ya nemo 42 cikin 70 kafin ya ga C.

Af, tun da an zo maganar lab. Masu kwafar rahoton taitireshan, gwajin kemistirin nan na ɗiga wani ruwan sinadari cikin wani don auna ƙarfinsa, ku riƙa tausaya wa mai dubawa. Mutum goma sha biyu, buret (bututun awon) daban, hannu daban, amma kowa ya samu 23.50 sau uku cif, har da kuskuren rubutu iri ɗaya a layi na huɗu. Ga jadawali babu sunan abin da aka auna a kowane gefe. Kuma asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba ruwa cikin asid ba, kafin wani ya rasa ido.