Taƙi ɗaya na ƙasar maƙwabci

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Rigimar iyaka da ƙaramin abu take farawa. Mutum ya tashi sabunta katanga, sai ya raɗa wa magini ya ɗan fito da harsashi faɗin bulo ɗaya cikin lungun da gida biyu ke bi. Gobe ya juyo indararo ruwa na zuba a ƙofar maƙwabci, jibi ya ajiye mota ya tare hanya. Mai unguwa ya yi sulhu ya gaji, a tafi kotu, a yi ta ɗage zama. Gaisuwa ta yanke, a hana yara shiga gidajen juna, kwanon abincin da ake miƙawa da azumi ma a daina. Lungun kuwa ya matse har fitar da makara ta zama aiki.

Ɗan'uwa, ka san nauyin wannan bulo ɗaya? Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa bisa zalunci, za a rataya masa shi a wuya har ƙasa bakwai ranar alƙiyama. Bukhari da Muslim suka ruwaito. A wani hadisin na Muslim, daga Sayyidina Ali, Allah ya la'anci wanda ya sauya alamar iyaka. La'ana fa! Saboda dutsen da aka gusar da dare, ko gambar da aka tuge a bakin gona.

Sa'idu bin Zaid, ɗaya daga cikin goman da aka yi wa albishir da Aljanna, shi ya ruwaito hadisin farko, kuma a gaban shari'a ya faɗe shi. Wata mata, Arwa bint Uwais, ta kai ƙararsa wurin Marwan bin Hakam, gwamnan Madina a lokacin, wai ya ci mata ƙasa. Sa'idu ya ce yaya zai yi haka bayan abin da ya ji daga bakin Annabi? Ya roƙi Allah, in ƙarya take, ya makantar da ita, ajalinta ya same ta a ƙasar. Ta makance, ta faɗa rami a wurin ta mutu. Mai ƙirƙirar ƙara ma ya ji tsoron Allah.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne masu cewa "ai kotu ta ba ni". Alƙali da takarda da shaidu yake aiki, bai ga daren da aka matsar da dutse ba. Annabi (SAW) da kansa ya ce wa masu kawo masa ƙara, wataƙila wani ya fi wani iya tsara hujja, to wanda ya yanke wa haƙƙin ɗan'uwansa kada ya karɓa, yanki ne na wuta. Iya maganar lauyanka ba ta halatta maka abin da zuciyarka ta san ba naka ba ne.

Hanya ma shari'a ba ta bar ta haka ba: Annabi ya hukunta cewa idan aka yi saɓani a kanta, a bar mata kamu bakwai.

In akwai irin wannan tsakaninka da maƙwabcinka, kira mai unguwa da limami da dattawan da suka san asalin wurin. A auna, a rubuta, a sa hannu gaban shaidu tun suna raye. In katangarka ce ta shiga, ka rushe ta da hannunka, kada ka bar wa 'ya'yanka su gaje ta.