Abin da Maharbi Ya Tsinta a Dawa Daban Yake da Abin da Ya Saya a Kasuwa

Duk wanda ya taɓa zama kusa da tsohon maharbi a lokacin da yake zazzage burgaminsa yana neman wani abu, ya san cewa albarushi da wuƙa ba su ne kaɗai a ciki ba. Akwai layu waɗanda malam ya rubuta baduku ya ɗinke, akwai ƙulle-ƙullen garin magani da aka karɓo wurin boka ko aka gada daga kakanni, sannan akwai wasu tarkace da ba wanda ya rubuta su, ba kuma wanda ya sayar da su, irin su ƙayar beguwa, saɓar maciji, gashin mikiya, guntun ƙahon gada, haƙorin da aka tarar a bakin tafki, ko ɗan dutse mai santsi da huda a tsakiyarsa. Idan aka tambaye shi amfaninsu, yawanci cewa zai yi ranar da ya tsinci abin ya dawo da nama, tun daga ranar kuma bai sake shiga dawa ya bar shi a gida ba. A kan wannan kashi na uku nake son yin magana, domin mun saba yi masa kuɗin goro da sauran biyun, alhali asalinsa daban, kuma illarsa, idan ta zo, ta wata ƙofa dabam take shigowa.

Ɗabi'ar ba ta maharban ƙasar Hausa ba ce su kaɗai. A yankin Bavaria na Jamus da kuma Ostiriya, mafarauta kan sa maƙera su ɗaure musu fiƙar barewa da farcen tsuntsu da guntun ƙaho a sarƙar azurfa wadda suke kira charivari, su rataya ta a gaban wandonsu na fata. A karkarar Amurka an daɗe ana ajiye ƙafar zomo a aljihu, haka nan da wani ƙullutu mai kama da dutse da akan samu a tumbin barewa. A Mali da Burkina Faso da Kwaddibuwa, rigar mafarautan nan da ake kira dozo a cike take da ƙahoni da farata da haƙora da ƙananan madubai. Ko gatarin aradu da manomanmu kan tono a gona, su ce tsawa ce ta sauko da shi, Turawan da ma sun riƙa tsintar irinsa suna faɗin abu guda game da shi, kafin masu binciken kayan tarihi su tabbatar da cewa gatari ne na dutse da mutanen farko suka goge da hannunsu tun ba a san ƙarfe ba.

Dalilin da ya sa abin ya fi kama mafarauta fiye da masaƙa ko majema ba mai wuyar ganewa ba ne. Masaƙi ya san idan ya zauna a kan masaƙarsa daga safe zuwa la'asar zai tashi da ƙyalle, amma maharbi yana iya kwana uku yana bin sawu, ya yi duk abin da ya kamata, a ƙarshe iska ta juya ta kai warinsa hancin dabbar. Masanin al'adun nan Bronislaw Malinowski, wanda ya zauna da mutanen tsibiran Trobriand tsakanin 1915 da 1918, ya lura cewa masuntansu ba su cika yin tsafi ba idan za su kama kifi a ruwa mai kwanciya da ke kusa da gaɓa, amma idan za su fita tsakiyar teku, inda ba tabbas ga kamu ba tabbas ga rai, sai an yi tsafe-tsafe masu yawa. Inda iyawa ta ƙare, nan mutum yake neman abin riƙewa. Ga kuma halin zuciya na riƙe ranar da aka dace da mantawa da ranakun da aka dawo hannu rabbana. Dutsen da ke cikin burgami yana nan a ranakun duka biyu, amma ranar nama kaɗai ake ba shi lada.

A 2010 wasu masu bincike a Jami'ar Cologne sun ba da rahoton cewa ɗaliban da aka ce musu ƙwallon da aka ba su mai sa'a ce sun fi sauran jefa ta a rami, sai dai da wasu suka maimaita gwajin da mutane masu yawa a 2014 ba su ga wani bambanci ba. Saboda haka ko batun cewa laya tana ƙara ƙarfin zuciya har aiki ya yi kyau, ba abin da za a rantse a kansa ba ne.

Duk da haka ni ba na cikin masu yi wa tsintuwar maharbi dariya, kuma ga dalilina. Ƙayar beguwa ba kowa yake ganinta ba. Ni da kai za mu taka ta mu wuce muna hira, amma wanda idonsa ya tsaya a kanta ya san beguwa ta bi ta nan da dare, ya san wajen da ramin yake, ya san irin saiwar da take tona a wannan wata. Wanda ya ga gashin zabon daji a ƙarƙashin wata ƙirya ya gano makwancinsu. Wanda ya tsinci haƙori a bakin ruwa ya san abin da ke sauka shan ruwan da abin da ke fakonsa. Idan irin wannan mutum ya dawo da nama a ranar da ya yi tsintuwa, ba abin mamaki ba ne, domin idon da ya ga abin shi ne idon da ya ga sawun. Sa'ar da yake jingina wa dutse tasa ce, ta shekarun da ya yi yana sunkuyar da kai yana karatun ƙasa, kuma ba a banza aka ce zomo ba ya kamuwa daga zaune ba. A wurina waɗannan tarkace sun fi kusa da takardar shaida fiye da magani. Kowane ɗaya yana da wuri da rana da labari, kuma da su ne tsoho yake koya wa yaronsa daji, ya ɗauko wannan ya ce a gindin dutse kaza na same shi shekarar da ruwa ya yi gardama, daga nan darasi ya fara. Daji kuwa bai yi asarar komai ba, tunda maciji ya riga ya yar da saɓarsa, beguwa kuma ta riga ta kakkaɓe ƙayarta.

Malamai za su ce, kuma da gaskiyarsu, maganar ba ta tsaya a nan ba. Imamu Ahmad ya ruwaito hadisin da ke cewa wanda ya rataya laya ya yi shirka, kuma ko da yake magabata sun yi saɓani game da abin da aka rubuta daga Alƙur'ani, ba su yi saɓani ba game da ƙashi da wuri da haƙori idan an rataya su da nufin su jawo alheri ko su kore sharri. Larabawan jahiliyya ma ƙashin ƙafar zomo suke ratayawa don tsoron aljannu da kambun baka. Ba zan yi wa mai karatu ƙarya in ce maharbanmu duka abin tunawa suka ɗauki tsintuwarsu ba, da yawa sun yi imani cewa ita take aiki. Amma a nan ma gyaran na niyya ne. Sayyadina Umar ya tsaya gaban Hajarul Aswad ya ce ya san shi dutse ne, ba ya cutarwa ba ya amfanarwa, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Idan an faɗi haka ga wancan dutse, maharbi ba ya bukatar dogon wa'azi game da wanda ya tsinta a rafi. Malamin da ya zauna da shi ya nuna masa cewa abin da ke aljihunsa shaida ce ta baiwar ido da Allah ya yi masa, zai fi samun shiga wurinsa fiye da wanda ya fara da kiransa arne.

Inda abin yake ɓaci shi ne ranar da tsintuwa ta koma haja. Da zarar labari ya bazu cewa wani sashe na wata dabba yana kawo sa'a, mutanen da ba su taɓa kwana a dawa ba sai su fara nemansa, daji kuma ba ya yar da abu gwargwadon bukatar kasuwa, don haka sai a koma kashewa. Turai ta ga wannan da idonta. A duwatsun Alps akwai wata akuyar dutse mai manyan ƙahoni, wadda Jamusawa ke kira Steinbock, da mutane suka yi imani cewa kusan komai na jikinta magani ne: ƙahonta, jininta, ƙullutun tumbinta, da wani ɗan ƙashi mai siffar gicciye da ke cikin zuciyarta. An yi ta harbinta saboda nama da saboda waɗannan, har zuwa farkon ƙarni na 19 abin da ya rage bai wuce kimanin ɗari ba, a yankin Gran Paradiso na arewacin Italiya. Sai da aka hana farautarta a 1821, Sarki Victor Emmanuel na Biyu ya keɓe wurin a 1856, aka mayar da shi gandun ƙasa a 1922, sannan ta farfaɗo, yau ana ƙiyasta ta da kusan 50,000.

Mu kuwa muna tsakiyar namu labarin, kuma ba a kan dabbar dawa mai nisa ba, a kan ungulu. Duk wanda ya haura shekara arba'in yana tuna yadda ungulaye ke jeruwa a kan rufin mahauta da katangun kasuwa a garuruwanmu, har ana korarsu da dutse. Yau yaro yana iya girma a cikin birni bai ga ko ɗaya ba. A 2015 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun duniya ta sanya irin ungulun da muka sani a jerin waɗanda ke gab da ƙarewa, kuma cikin manyan dalilan da masana ke bayarwa a Afirka ta Yamma akwai cinikin kawunansu da ƙafafunsu domin neman sa'a, a caca ko kasuwanci ko takara. A farkon 2020 an tarar da fiye da ungulu 2,000 matattu a Gini Bisau, an sa musu guba, da yawansu an cire musu kai. Zaki ma, wanda ake neman farcensa da kitsensa da fatar goshinsa, a Najeriya ya rage a wurare biyu kacal, Yankari da gandun Tafkin Kainji. Abin takaicin shi ne maharbi ne ake aika ya kawo waɗannan kaya, a ba shi abin da bai taka kara ya karya ba, riba ta tafi wurin dillali, shi kuma a bar shi da daji wanda ba komai a cikinsa. Tsohon da ya ajiye gashin mikiya da ya tsinta da matashin da ya zuba guba a mushe don ya tara kawunan ungulu ba sana'a ɗaya suke yi ba, ko da kuwa dukansu sunan sa'a suke kira.

Ƙofa ta biyu da illa ke shigowa ita ce ranar da aka ɗora wa abin nauyin da ba zai iya ɗauka ba. A ƙarni na 16 Sarki Charles na Tara na Faransa yana da irin ƙullutun nan na tumbin dabba, wanda ake kira bezoar, daga kalmar Farisanci mai nufin makarin guba. Likitansa Ambroise Paré ya ce babu dutsen da zai karya kowace guba, sai aka gwada a kan wani kuku da aka yanke wa hukuncin rataya saboda satar kwanukan azurfa. Aka ba shi guba, aka bi shi da dutsen, ya mutu cikin azaba bayan kimanin sa'a bakwai. A Amurka an ci gaba da manna irin wannan dutse a kan cizon mahaukacin kare har bayan da Louis Pasteur ya samar da allurar cutar a 1885. A nan gida kuwa, lokaci zuwa lokaci jaridu kan kawo labarin wanda ya tsaya a gwada maganin bindiga a jikinsa, aka ɗauki gawarsa. Wannan ya fi damuna a yanzu, domin aikin maharba ya canza. Tun bayan da suka taimaka wajen ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram a Nuwamban 2014, gwamnatoci da al'ummomi suka riƙa tura su gaba a yaƙi da 'yan bindiga, kuma sanin dajin da suke da shi na gaskiya ne, ya ceci rayuka. Amma kau-da-bara da aka tanada domin kibiya, da bindigar toka mai ɗurin baki, ba su ne amsar AK-47 ba, kuma hukumar da ta tura mutum fagen fama tana fakewa da cewa ai yana da layu, ta yi rowar kayan aiki ne ta kira shi al'ada. Mai laya, in ji magabata, ya kiyayi mai zamani.

Doka tana nan a takarda, tun daga dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 har zuwa dokar tarayya ta 1985 kan cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016, amma ma'aikacin gandun daji guda ba zai iya tsare kasuwannin ƙauye hamsin ba. Waɗanda maganarsu ke shiga kunnen maharba su ne sarakunan baka da sarakunan dawa da shugabannin ƙungiyoyinsu, kuma su ne suka gaji ƙa'idojin da suka riga dokar Bature, irin su barin dabba mai ciki da jingine farauta idan damina ta sauka. Idan suka ƙara ƙa'ida guda a kan waɗannan, cewa ɗan ƙungiya yana iya riƙe abin da daji ya yar masa amma ba zai karɓi kwangilar kan ungulu ko farcen zaki daga kowa ba, kuma wanda ya karɓa ba zai sake fita farauta da jama'a ba, dillalan kasuwa za su ji a jikinsu kafin rani ya zagayo.