Mai son koyar da aikin rediyo a jami'a, ya fara shiga situdiyo

'Yan'uwa matasa na Garwa, Marwa da Gaundare masu burin zama malaman aikin jarida a jami'a, ga ra'ayina ba tare da kwana-kwana ba. Takardar doktora ce za ta shigar da ku, amma ba ita za ta koya muku haɗa labaran rana ba. Wanda bai taɓa zama gaban makirfo jar fitila na kunne ba, bai kamata a damƙa masa ɗalibai su koyi rediyo a hannunsa ba.

Hanyar kanta sananniya ce. Lisans shekara 3, masta shekara 2, doktora aƙalla shekara 3. In an ɗauke ka, za ka fara daga muƙamin Assistant, ka hau Chargé de cours, sai Maître de conférences, sannan Farfesa. A Kamaru kwamitin ba da shawara na jami'o'in ƙasar, CCIU, ke duba fayil ɗin ƙarin girma, 'yan'uwanmu na Cadi kuma ta CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka, suke bi. Abin da ya fi nauyi a fayil ɗin shi ne maƙalolin da ka buga da ɗaliban da ka duba wa bincike. Ko a 2018 da gwamnati ta sanar da ɗaukar malamai 2000 a jami'o'inta cikin shekara uku, masu doktora aka nema. Ba na ƙin wannan, bincike wajibi ne. Damuwata ita ce mutum na iya hawa matakan nan duka bai taɓa gyara murya ta minti biyu ba, alhali tsohon ɗan jaridar da ya ƙare ƙuruciyarsa a tashar rediyon gwamnati, CRTV, ta Garwa sai dai a gayyato shi a matsayin malamin wucin gadi, a biya shi da awa, kuɗin ma su makara.

Babbar makarantar jaridarmu, ESSTIC, tana Yawunde tun 1970, lokacin ana kiranta ESIJY. Nan arewa muna da jami'ar Gaundare tun 1993, ta Marwa tun 2008, ta Garwa tun 2022. Duk ranar da fannin nan ya bunƙasa a cikinsu za a nemi malamai, kuma gara a same su cikin waɗanda suka san mai sauraron nan.

Mai sauraron nan da Fulatanci yake jin labari, ko Hausa, ko Larabcin Shuwa, ko Barbarci, darasi kuwa da Faransanci ake ba da shi. Sai yaro ya gama karatu ya shiga tasha, a miƙa masa sanarwa da Faransanci saura minti goma a shiga iska, a ce ya juya ta. Ya ga faran 500 ya karanta "ɗari biyar", mutumin kasuwa da ke lissafi da dala (dala ɗaya faran 5 ce) ya ji jaka biyu da rabi, wato faran 2500. A sanarwar kuɗin allura ko na rajistar makaranta, wannan kuskure na iya hana uwa fita daga gida. Malami ne ya kamata ya sa ɗalibi ya saba rubuta labarinsa kai tsaye da harshen da zai karanta, jimla gajera, adadi a rubuce da kalmomi, ya karanta da ƙarfi yana duba agogo tun kafin ya shiga situdiyo.

Sai aikin hannu, wanda littafi ba ya koyarwa. Makirfo ya tsaya kamar santimita 15 daga baki, a ɗan karkace, don kada iskar baki ta buge shi. Ƙarfin murya ya riƙa kaiwa wajen -12 a ma'aunin na'ura. In ya taɓa sifili muryar ta fashe, kuma manhajar gyaran sauti ta Audacity ba za ta dawo da ita ba. A ɗauki muryar a tsarin WAV, wanda ba ya rage ingancin sauti, a gyara, sannan a mai da ita MP3 don aikawa. Lokacin hunturu duk wanda ya fita hira ba soso a kan makirfo, hucin iska zai kawo, kuma in babu abin saurare a kunnensa ba zai gane ba sai ya dawo. Ƙurar nan ce kuma ke shiga maɓallan mikisa, na'urar haɗa sauti, har su fara ƙara, don haka rufe ta da ƙyalle bayan darasi yana cikin darasin. Kwamfutar da ba ta da na'urar riƙe wuta kuwa, ɗauke wuta sau ɗaya ya isa ya cinye aikin yini.

Ku yi lissafin aji ma. Ɗalibai 60, a raba su biyar-biyar: mai gabatarwa, mai riƙe na'ura, mai ɗauko rahoto, edita da mai tsara jadawalin shiri. Rukuni 12 ke nan. In kowane zai samu awa 2 a mako, situdiyo na buƙatar awa 24, kuma malami ɗaya ba zai iya ba sai da injiniyan sauti a gefensa. Inda ba a yi wannan lissafi ba, mutum uku masu baki ke mamaye makirfo har ƙarshen shekara, sauran su yi kallo, galibi 'yan mata.

Shawarata ga ƙannena: ku yi masta kuna aiki a tasha, ko da rediyon al'umma ce, shekara biyu ko uku. Ku zaɓi binciken doktora a kan abin da ke gabanku, kamar shirye-shiryen kiran waya ko labaran harsunan gida, ku adana faya-fayen da kwanan wata, domin daga cikinsu maƙalolinku za su fito. Masu ɗaukar malamai kuma, bayan duba takardu, ku miƙa wa mai nema rakoda ku ba shi awa uku, ya dawo da rahoton minti biyu a gyare, ɗaya da Faransanci, ɗaya da harshen da ake ji a kasuwar garin.